Gubar dalma a wani ƙauyen Zamfara: daga turmin daka zuwa cikin ƙashin yara

## Ƙauyen da sana'arsa kafin 2010

Ƙauyen da wannan nazari ya bi yana cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. Shi ne mafi girma a cikin ƙauyuka takwas da aka kwashe wa gurɓatacciyar ƙasa bayan annobar gubar dalma ta 2010, kuma shi ne na ƙarshe da aikin ya isa gare shi. Mutanensa manoma ne da masu kiwo, kuma an daɗe da sanin akwai zinare a dazukan yankin. Abin da ya sauya lissafi shi ne farashi. A ƙarshen 2009 oza ɗaya ta zinare ta zauna sama da dala 1,000 a kasuwar duniya, a 2011 kuma ta kusa dala 1,900. Abin da magidanci zai samu a buhun dutse ya zarce abin da gero da dawa za su ba shi nesa ba kusa ba, sai ƙauyen ya zama matattarar masu sarrafa dutsen zinare na yankin.

Ga yadda aikin yake. Maza su haƙo dutse a daji, a ɗauko shi a buhuna a kan babura zuwa gari. A farfasa shi da guduma, a daka a turmi, a zuba a injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi har ya koma gari mai laushi. Daga nan a wanke garin da ruwa, a gauraya abin da ya kwanta da zaiba don ta kama zinaren, sannan a ƙone zaibar. Da yawa daga cikin wannan aiki a tsakar gida ake yin sa, domin matan aure da ba sa fita su ma su samu na kashewa. A nan ake shanya garin dutsen, a nan ake shanya hatsi, a nan yara ke rarrafe.

Jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wancan lokaci tana ɗauke da dalma mai yawa ƙwarai. Asalinta irin dutsen nan ne mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi, amma ruwa da iska na shekaru aru-aru sun mai da wani ɓangarensa nau'in da ruwan ciki ke narkarwa cikin sauƙi. Niƙa kuma ta mai da shi ƙura. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da wani launi da zai bambanta ta da ƙurar hunturu.

## Farkon 2010: agwagi, sannan yara

A ƙauyukan yankin agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kuwa ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai yara ƙanana suka fara amai, ciwon ciki, kasala, daga nan jijjiga da suma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka lura cewa mace-macen yara sun wuce misali.

Abin da aka fara gwadawa shi ne abin da kowane ma'aikacin lafiya zai gwada a wannan yanki da zafin bazara: maganin zazzaɓin cizon sauro da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yaran ba su samu sauƙi ba. Da aka lura cewa gidajen da ake niƙa dutse su ne suka fi binne yara, sai aka ɗebi jini aka aika Turai. Sakamakon ya nuna dalma.

## Mayu 2010: abin da awo ya nuna

Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowace desilita. A wancan lokaci awon 10 shi ne abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke ɗauka a matsayin abin damuwa. Ta rage shi zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Daga 45 ake ba yaro maganin fitar da dalma. Daga 70 zuwa sama ƙwaƙwalwa na cikin haɗari na gaggawa.

A watan Mayu tawagar CDC da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata goma sha biyu, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda ke raye aka gwada, kashi 97 cikin ɗari awonsu ya kai 45 ko ya wuce. Na'urar gwajin da aka zo da ita iyakarta 65, jinin yara da yawa kuwa ya zarce nan, har sai da aka riƙa tsarma jinin kafin ta iya karantawa. Turɓayar wuraren zama a Amurka ba a so dalmarta ta wuce miligiram 400 a kilo ɗaya a ƙa'idar lokacin. A wasu wuraren niƙa na Zamfara an samu sama da 100,000. Ƙiyasin da aka tsaya a kai daga baya shi ne yara aƙalla 400 suka rasu a yankin.

## Abin da ke faruwa a cikin jikin yaran

Jikin mutum ba shi da wani amfani da dalma ko ƙanƙani. Shigarta na yiwuwa ne saboda ta yi kama da abubuwa uku da jiki ke nema ruwa a jallo: kalsiyam na gina ƙashi, sinadarin ƙarfe na gina jini, da zink, wanda ake ba yara masu gudawa. Ƙwayoyin halittar jiki suna karɓar ta kamar yadda ɗan kasuwa ke karɓar jabun kuɗi ya jefa a aljihu, sai ya je biyan bukata ya ga ba su sayen komai.

A hanji ake fara wannan kuskure. Ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi ya shiga jini ita dalma ke bi, kuma in yaro na fama da ƙarancin jini jiki na ƙara buɗe ƙofar. Ciki in babu abinci ma ya fi zuƙar ta. Yaro ƙarami na zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa daga dalmar da ya haɗiya, ga shi shi ne a ƙasa, hannu daga turɓaya zuwa baki. Shi ya sa uban da ya wuni a bakin injin yake tafiya da ƙafarsa, ɗansa na goye da bai taɓa zuwa wurin ba yake jijjiga.

Da ta shiga jini, kusan dukkanta na maƙalewa a jajayen ƙwayoyin jini. A can akwai wani furotin mai suna ALAD, ɗaya daga cikin masu haɗa jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, kuma da zink yake aiki. Dalma ta ture zink ta zauna a gurbinsa, aikin ya tsaya. Jini ya ragu, kayan haɗin da ba a sarrafa ba su taru su zama wata gubar.

A ƙwaƙwalwa ɓarnar ta fi muni. Ƙwayoyin jijiya da kalsiyam suke aika wa juna saƙo. Dalma na toshe wata mashiga da ake kira NMDA, wadda ta nan ne ƙwaƙwalwa ke ƙulla sababbin hanyoyi in yaro na koyon magana ko gane fuska, tana kuma kunna wasu furotin da bai kamata su tashi ba sai kalsiyam ya kira su. In awon ya yi sama sosai, bangon siraran jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ya fara yoyo, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai da ba ya buɗewa. Jijjigar da iyaye suka gani ke nan. Cikin yaran da suka tsallake wannan mataki akwai waɗanda suka rasa gani, ko ji, ko ƙarfin gaɓoɓi.

Batun ƙwayoyin gado kuwa yana bukatar a bi shi a hankali, domin ana yawan faɗinsa ba daidai ba. Dalma ba ta cika sauya rubutun DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, kai tsaye ba. Ta bayan fage take bi. Tana ƙara yawan gurɓatattun sinadaran iska masu kartar zaren DNA, a lokaci guda kuma tana raunana furotin masu gyaran zaren. Akwai kuma wani rukunin furotin da ke kama DNA su buɗe wani sashe don a karanta shi, waɗanda zink ne ke riƙe da siffarsu. In dalma ta maye gurbin zink ɗin, siffar ta lalace, sashen da ya kamata a karanta a lokacin girman ƙwaƙwalwa ya zauna a rufe. Sannan akwai ƙananan alamomi da ake kira metil, waɗanda jiki ke ɗorawa a kan DNA don nuna wane sashe zai yi aiki wane zai yi shiru. Wani bincike da aka yi a birnin Meziko, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa uwayen da suka fi dalma a ƙashi jariransu sun zo da ƙarancin waɗannan alamomi a jinin cibiya, kuma awon uwayen bai ko kusa da na Zamfara ba. Hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2006, ta sa sinadaran dalma irin waɗannan a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa.

Abu na ƙarshe shi ne inda take ɓuya. A jini, rabinta na raguwa cikin kimanin wata ɗaya in an daina shan ta. Amma jiki na ajiye ta a ƙashi da haƙori a zaton kalsiyam ce, a can kuma tana iya yin shekaru gommai.

## Yuni 2010 zuwa Maris 2011: aiki ya fara a maƙwabta

MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Babban maganin da aka yi amfani da shi shi ne DMSA, wanda ake sha ta baki na tsawon makonni. Yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Yaran da ƙwaƙwalwarsu ta riga ta kumbura ana haɗa musu da na allura. Mace-mace suka ragu sosai.

Nan da nan aka ci karo da iyakar maganin. Yana share jini ne kawai, bayan an gama sha sai ƙashi ya sako wata, awon ya sake hawa, dole a maimaita. In kuwa yaro ya koma tsakar gidan da ya kwaso gubar, an koma gidan jiya. Saboda haka likitocin suka kafa sharaɗi: sai an tsabtace gida kafin a sa yaransa cikin shirin magani.

Tsabtacewar kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatar muhalli ta jihar, amma hannun da ya yi aikin na mutanen ƙauyukan ne. A ɗora wata na'urar hannu mai suna XRF a kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar nan take. Inda ya yi yawa a kankare saman ƙasar, kimanin santimita 5, da fartanya da shebur, a ɗura a buhu, a kai ramin da aka tanada a binne. A sake aunawa, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa a daɓe. A share ɗakuna, a wanke siminti. Sarakuna da masu unguwanni suka ba da umarnin a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Zuwa Maris na 2011 an gama ƙauyuka bakwai.

Gwamnatin jiha ta kuma haramta haƙar ma'adinai. Haƙar ba ta tsaya ba. Abin da haramcin ya ƙara shi ne tsoro: mutumin da ke ganin za a raba shi da abincinsa ba zai yi saurin cewa ana niƙa a gidansa ba, ko ɗansa ba shi da lafiya.

Ƙauyen da muke magana a kansa bai shiga cikin bakwai ɗin ba. Girmansa ya fi ƙarfin kuɗin agajin da ya rage, ga babban filin niƙa a gefensa cike da tarin dusar dutse. Aka bar shi sai gwamnatin tarayya ta kawo kuɗi.

## 2011 zuwa Janairun 2013: jira

An ƙiyasta yara kimanin 1,500 ne ke zaune cikin gubar a ƙauyen. An san ciwon, an san maganin, maganin na nan a Anka, amma sharaɗin tsabtace gida bai cika ba. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don tsabtacewa da jinya da gyaran hanyar haƙa. A Fabrairun 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da bayani kan halin da yaran ke ciki. A watan Mayu aka yi babban taro a Abuja kan lamarin, ministocin da ake jira ba su halarta ba. Damina ta sauka, hanyar ƙauyen ta yanke, kwasar ƙasa kuma ba ta yiwuwa cikin ruwa. Shekara ta tafi.

A ƙarshen 2012 matasan ƙungiyar Follow The Money, mai bin diddigin kuɗin gwamnati, suka ɗauki sunan ƙauyen suka cika Twitter da Facebook da shi, suna tambayar inda kuɗin suka maƙale. Kafofin labarai na gida da na waje suka ɗauka, kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa ya shigo ciki. A Janairun 2013 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin tsabtacewa.

## 2013: kwasar ƙasa da fara magani

Aikin ya fara a farkon shekarar, da irin kayan da aka yi amfani da su a 2010: fartanya, shebur, buhu, baro. Ba a jira an gama gari duka ba. Unguwar da aka tsabtace sai a gwada yaranta, kuma a watan Afrilu MSF ta fara ba rukunin farko magani, shekara uku bayan gano annobar. A watan Yuli aka kammala kwasar.

Alƙaluman da masu aikin suka wallafa na ƙauyuka takwas ne a haɗe. An kwashe ƙasa da dusar dutse sama da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820. Dalmar ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Yara 2,349 suka sha maganin. Matsakaicin awon jinin yaran da ake gwadawa kafin magani ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu. A karanta wannan adadi na ƙarshe da lura, domin ƙauyukan da aka fara da su su ne mafi muni, don haka ba tsabtacewa kaɗai ta jawo saukar ba.

## 2015 zuwa 2022: abin da ya biyo baya

A wasu ƙauyukan da aka tsabtace an sake samun dalma a gidaje, saboda an dawo da dutse cikin gari ko maza na komawa gida da tufafin aiki. Sai da aka sake kwasa. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Daga nan hankali ya koma kan aikin kansa. Ƙungiyar OK International, mai aikin kare lafiyar ma'aikata, tare da MSF suka zauna da masu haƙa da masu injin, ba don hana su ba. Aka sa feshin ruwa mai laushi a bakin injin niƙa, aka tanadi wurin wanka da sauya kaya kafin a koma gida, aka ware wurin cin abinci. Awon da aka yi ya nuna feshin ya rage dalmar da ke iska da kashi 95 cikin ɗari.

A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, rashin tsaro kuma ya sa kai yaro asibiti ya zama kasada a yankin Anka. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar, bayan ta gwada yara 8,480, 3,549 daga cikinsu sun sha maganin fitar da dalma.

## Hukunci

Maganin zazzaɓi ya gaza ne don ba ciwon ke nan ba, kuma ba laifin wanda ya bayar ba ne, tunda alamomin iri ɗaya ne. Abin da ya ɓata lokaci shi ne rashin wurin gwada dalma kusa. Haramci ya gaza don bai zo da abin da za a ci ba. DMSA ya ceci rayuka, wannan babu ja, amma ba ya mai da abin da ya lalace. Wani babban gwaji a Amurka a kan yara 780 masu awo tsakanin 20 da 44, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna maganin ya rage dalmar jini amma bai ƙara wa yaran kaifin fahimta ba. Hanyoyin ƙwaƙwalwar da ba a ƙulla ba a shekara biyun farko, magani ba ya komawa ya ƙulla su.

Abin da ya yi aiki shi ne jerin da aka bi: a fitar da niƙa daga gida, a kwashe ƙasa, a ba da magani, a gyara yadda ake aikin. Ya yi aiki ne kuma don mutanen gari suka yi shi da hannunsu da yardar sarakunansu. A ganina sharaɗin da likitoci suka kafa daidai ne, duk da ɗacinsa. Abin da ba shi da uzuri shi ne jiran. Babu wata fasaha da aka yi amfani da ita a 2013 wadda babu ita a 2010. Yaron da aka haifa a ƙauyen a shekarar da aka gano annobar ya yi rarrafensa, ya koyi tafiya da magana, duk a kan wannan ƙasa, a daidai shekarun da jikinsa ya fi zuƙa kuma ƙashinsa ya fi ajiya.

Lamarin kuma bai rufe ba. 'Yan matan da ke goye a 2010 yanzu sun kai shekarun aure da haihuwa. Mai ciki da mai shayarwa jikinta na ciro kalsiyam daga ƙashinta don ɗan, dalmar da ke ajiye na fitowa tare da shi, kuma mahaifa ba ta tare ta. Gwaji a Meziko ya nuna ba mai ciki ƙwayar kalsiyam na rage yawan dalmar da ke fitowa cikin jininta. Ya kamata duk macen da ta tashi a waɗannan ƙauyuka takwas a gwada dalmar jininta a awon ciki na farko, a ba ta kalsiyam da maganin ƙarin jini, a kuma gwada jaririn bayan haihuwa.